Addu'a da Magani: Abin da Ya Kamata Kirista Mara Lafiya Ya Sani

A farkon kowace shekara ikkilisiyoyi da yawa a ƙasar nan sukan sanar da azumi da addu'a, wasu na kwana 7, wasu na kwana 21. Ba a jimawa kuma sai kwanaki 40 na shirin Ista su shigo. Lokaci ne mai albarka ga masu bi. Amma ma'aikatan ɗakin gaggawa sun san shi ta wata fuskar dabam. Akan kawo uwa mai ciwon sukari a sume, kai tsaye daga majami'a, da ɗankwalin zumuntar mata a kanta. Ta sha ƙwayarta da safe yadda ta saba, ba ta kuwa sa komai a baki ba har la'asar. Akan kawo dattijo baki a karkace, hannu ɗaya ba ya motsi. In an tambayi iyali, sai su ce ai wata uku ke nan da ya ajiye maganin hawan jini, tun ranar da aka yi masa addu'a a taron farkawa, ya tashi ya ba da shaida cewa ya warke.

Waɗannan bayin Allah ba sakaci ya kawo su ba. Son faranta wa Ubangiji ne, tare da tsoron kada shan magani ya zama alamar rashin bangaskiya. Domin su, da masu jinyarsu, da fastocin da ke zuwa duba su, muka ga ya dace mu tattauna wannan batu. 'Yan'uwanmu Musulmi ma za su tarar da abin amfani a ciki, musamman kan azumin mara lafiya.

Jiki da ruhu gida ɗaya suke

Idan mutum yana cikin tsoro, ko fushi, ko damuwar da ta ƙi ƙarewa, jikinsa yakan fitar da wasu sinadarai da ke sa zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jini ya hau, sukari ya ƙaru cikin jini. An shirya jiki haka ne domin ya tsere wa haɗari na ɗan lokaci. In abin ya zama na kullum, sai barci ya gudu, cin abinci ya rikice, hawan jini da ciwon sukari su yi wuyar saituwa. Saboda haka mutumin da ya iya yafe wa wanda ya yi masa laifi, ya kai damuwarsa gaban Allah, ya kwanta da rai a kwance, ya yi wa zuciyarsa da jijiyoyinsa alheri.

Masu bincike sun duba wannan al'amari. A shekarar 2016 masana a Jami'ar Habad ta Amurka sun wallafa sakamakon binciken da ya bi diddigin mata ma'aikatan jinya fiye da 74,000, yawancinsu Kirista, na tsawon shekaru. Sun gano cewa a cikin matan da ke zuwa sujada fiye da sau ɗaya a mako, yawan mutuwa ya yi ƙasa da kashi 33 cikin 100 in an kwatanta da waɗanda ba sa zuwa ko kaɗan. Daga cikin dalilan da suka lura da su akwai samun mutanen da za a jingina da su, da ƙarancin shan taba, da ƙarancin ciwon damuwa, da sa zuciya ga alheri. Irin wannan bincike yana nuna dangantaka ne kawai, bai ce zuwa majami'a yana maye gurbin asibiti ba. Matan nan ma'aikatan lafiya ne, sun san darajar magani.

Yadda halin ruhu ke taɓa jiki, haka halin jiki ke taɓa ruhu. Mai ƙarancin jini, ko wanda zafin ciwo ya hana shi barci, yakan ji addu'a ta yi masa nauyi, har ya ɗauka ya ja da baya ne cikin bangaskiya. A cikin 1 Sarakuna sura 19, annabi Iliya ya gaji, ya karaya, har ya roƙi mutuwa. Abin da aka fara yi masa shi ne aka bar shi ya yi barci, aka ba shi abinci da ruwa har sau biyu. Daga baya ne Allah ya yi magana da shi. Wanda ya kai mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, ba ya jin daɗin komai, ba barci, ba cin abinci, ko yana tunanin kashe kansa, to ya zo asibiti. Ciwon damuwa cuta ce kamar kowace, tana da magani, tana kuma kama masu bangaskiya ƙwarai.

Shan magani rashin bangaskiya ne?

Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. Luka, wanda ya rubuta ɗaya daga cikin Bishara huɗu da kuma Ayyukan Manzanni, likita ne, Bulus ya ambace shi da sana'arsa a cikin Kolosiyawa sura 4. Da sarki Hezekiya ya kwanta rai a hannun Allah, ya yi addu'a da kuka, aka yi masa alkawarin ƙarin shekara 15. Duk da wannan alkawari, annabi Ishaya ya sa aka kawo curin ɓaure aka ɗora a kan marurun. Basamariyen nan na Luka sura 10 ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan mutumin da 'yan fashi suka sara, ya ɗaure su, ya kai shi masauki, ya biya kuɗin jinya. Shi ne Yesu ya nuna a matsayin abin koyi. A cikin Matiyu sura 4 kuwa, da Iblis ya nemi Yesu ya yi tsalle daga ƙwanƙolin Haikali don a ga ko mala'iku za su tare shi, ya ƙi, domin gwada Allah ne. Wanda ya zubar da maganin da ke riƙe da ransa don ya ga abin da Allah zai yi, ya kamata ya yi tunani a kan wannan labari.

Tarihin ikkilisiya a ƙasarmu ma shaida ne. Dokta Walta Mila, wanda ya zauna a Zariya, ya kuma yi babban aiki wajen fassara Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, likita ne. Daga Wusasa ne aka sami Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda asibitin koyarwa na Jihar Kaduna ke ɗauke da sunansa. Masu bishara ne suka kafa asibitin Vom a 1922, da na Galmi a Jamhuriyar Nijar a 1950, da asibitin Evangel na Jos a 1959. Mutanen nan masu addu'a ne ƙwarai, da hannun da suka buɗe Littafi kuma suka riƙe sirinji.

Cututtukan da sukan yi kamar sun tafi

Haɗarin ya fi yawa ga cututtukan da ke lafawa idan ana shan magani, har mutum ya ɗauka ya rabu da su.

Hawan jini yawanci ba ya ba da wata alama. Mutum na iya jin garau alhali awonsa ya haura 140 bisa 90 nesa ba kusa ba. In awo ya yi kyau bayan an fara magani, aikin maganin ne. Da an daina, jinin zai sake hawa a ɓoye, yana cin zuciya da ƙoda da idanu, har ranar da ɓarin jiki zai shanye.

Mai ɗauke da ƙwayar HIV da ke shan maganinsa kullum yakan kai matsayin da gwaji ba ya iya ganin ƙwayar cikin jini. Wannan abin godiya ne ƙwarai, domin zai yi rayuwa cikin ƙoshin lafiya, ba zai kuma sa wa abokin aurensa ta hanyar saduwa ba. Amma ƙwayar tana nan a ɓoye. In ya daina magani, cikin 'yan makonni takan dawo, wani lokaci ma ta ƙi jin maganin da ta saba ji.

Mai tarin fuka yakan ji sauƙi bayan 'yan makonni, tari ya ragu, jiki ya fara cikowa. Amma magani yawanci na wata 6 ne ko fiye. Wanda ya tsaya a tsakiya yana iya jawo wa kansa da iyalinsa irin tarin da ba ya jin magani.

Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba a kuma ɗaukarta ta hanyar taɓa mai ita ko yawunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 7 cikin 10 masu ita za su iya daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace. Yanke magani farat ɗaya na iya kawo faɗuwa a jere ba tsayawa, wadda takan yi kisa.

To, wanda ya gaskata Allah ya taɓa shi fa? Ba mu da gardama da shi. Abin da muke roƙo shi ne ya ci gaba da shan magani, ya zo a auna. Kutare goma da ke cikin Luka sura 17 wurin firistoci Yesu ya aike su, domin a zamanin firistoci ne ke duba jikin kuturu su tabbatar ya tsarkaka. Warkarwa ta gaskiya ba ta tsoron gwaji. In sakamako ya nuna a rage magani ko a daina, likita zai yi haka da farin ciki, shaidar ma sai ta fi ƙarfi.

Azumi ga mara lafiya

Ikkilisiya ba ta taɓa ɗora wa mara lafiya azumi dole ba. A Ikkilisiyar Katolika, misali, azumin Larabar Toka da na Jumma'ar da ake tunawa da mutuwar Yesu yana kan lafiyayyu ne masu shekara 18 zuwa 59. Ko sa'a ɗayan da ake kamewa kafin karɓar Jibin Ubangiji, an cire ruwa da magani daga cikinta. Ga shawarwarinmu:

1. Ka ga likitanka tun makonni kafin azumi, ka gaya masa irin azumin da tsawonsa. Sau da yawa ana iya sauya lokacin shan magani ko yawansa. Kada ka sauya da kanka.

2. Mata masu juna biyu da masu shayarwa, masu ciwon ƙoda, masu sikila, masu gyambon ciki da ke tashi, yara da tsofaffi marasa ƙarfi, da masu ciwon sukari da rayuwarsu ta dogara ga allurar insulin, ya fi musu kada su yi azumin barin abinci. Azumin da ba a shan ko ruwa ya fi kowanne haɗari, balle a watannin zafi.

3. Allurar insulin da ƙwayar gilibenkilamayid, wadda da yawa suka fi sani da Daonil, suna iya sauke sukari ƙasa ƙwarai in ba a ci abinci ba. Alamomin su ne rawar jiki, gumi, bugun zuciya, jiri, yunwa mai tsanani da rikicewar magana.

4. In ka ji waɗannan alamomi, ko na'urarka ta nuna ƙasa da 70 (wato 3.9 a wasu na'urori), ka karya azumi nan take. Ka jiƙa ƙaramin cokali 4 na sukari ka sha, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, ka sake aunawa bayan minti 15, sannan ka ci abinci. Haka kuma in awon ya haura 300 (wato 16.7), ka karya azumi, ka sha ruwa, ka nemi likita.

5. Wanda ya suma kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi a gefe ɗaya, a garzaya da shi asibiti. Ana iya yin addu'ar a cikin mota.

6. Wanda ba zai iya barin abinci ba yana da wasu ƙofofi a buɗe. Daniyel nama da abinci mai daɗi ya bari. Ishaya sura 58 kuma ta haɗa azumin da Allah ke so da ciyar da mayunwaci da tufasar da huntu. Fastonka zai taimake ka ka zaɓi abin da jikinka zai ɗauka.

Ga fastoci, dattawa da zumunta

Maganarku tana da nauyin da tamu ba ta da shi. In za ku sanar da azumi, ku faɗa daga bagade cewa marasa lafiya su fara ganin likita, kuma ba su yi zunubi ba in ba su yi ba. In kun zo dubiya, bayan addu'a ku tambaya, "Mama, kina shan maganinki kuwa?" Sau da yawa za ku tarar rashin kuɗi ne ya sa aka daina, kunya kuma ta hana a faɗa. A nan ne baikon zumunta zai yi aikin Basamariye. Ku guji tambayar mara lafiya wane zunubi ya yi, ku kuma riƙe asirin wanda ya gaya muku ciwonsa. Idan kun ga baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji na ciwo mai tsanani, kada a kwana ana jira, kowane minti yana da tsada.

Kai kuma mai jinya da ke kwance kana karanta wannan, in kana so fastonka ya zo ya yi maka addu'a, ka gaya wa nas mai kula da ɗakinku. Ka sanar da likita duk abin da kake sha ko shafawa, har da na gargajiya. Ka yi godiya a kan ƙwayar maganinka yadda kake yi a kan tuwonka, sannan ka sha ta a kan lokaci. Allah ya ba mu lafiya, ya ƙara sauƙi ga duk waɗanda ke kwance. Amin.