Amosanin gaɓoɓi: Cuta ɗaya ce, amma jinyar Landan daban, ta Suleja daban

Ma'aikacin da ke kwana a Suleja yana aiki a Sakatariyar Tarayya ya san darajar asubahi. Wanda bai wuce Madalla da Zuba kafin gari ya waye ba, cunkoson hanyar Kubwa zai cinye masa rabin safiya. To a daidai wannan lokaci ne wata cuta ta fi damƙar mai ita: ya farka yatsunsa a kumbure, a sanƙare, murɗa famfo domin alwala ma ya gagara, sai bayan awa guda ko fiye hannun ya saki.

A bakinmu duk ciwon gaɓa sanyin ƙashi ne ko amosani. Likitoci kuwa sun rarrabe. Akwai wanda shekaru da nauyin jiki ke kawowa, guringuntsin gwiwa ya zaizaye. Akwai kuma wanda suke kira rumatoyid, inda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa tantanin da ya lulluɓe gaɓa. Yakan kama yatsu da wuyan hannu, dama da hagu lokaci guda, in an bar shi ya ci ƙashi, ya karkatar da yatsu, har ya taɓa huhu da zuciya da ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi a 2019 sun kai miliyan 18, kusan kashi 70 cikin ɗari mata.

Cutar ba ta raba kanta daidai a duniya ba. A arewacin Turai da Amurka takan kama tsakanin rabin mutum ɗaya zuwa mutum ɗaya cikin ɗari, wato biyar zuwa goma cikin dubu, amma a wasu ƙabilun asali na Amurka, irin su Pima da Cifewa, an samu biyar cikin ɗari ko fiye. Gado na da hannu, shan taba ma haka.

Labarin Najeriya ya fi ban sha'awa. A 1969 Brian Greenwood, wani likita Bature da ya yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, ya rubuta cewa cutar ba ta da yawa a yammacin ƙasar nan, kuma tana zuwa da sauƙi. A 1993 wani bincike da Alan Silman ya jagoranta ya duba kusan mutum 2,000 a karkarar kudu maso yamma, bai samu ko ɗaya ba. Aka daɗe ana koya wa ɗaliban likitanci cewa wannan ciwon Turawa ne. Sai a 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa suka wallafa bayanin marasa lafiya 200 daga asibiti ɗaya a Legas. A ganina, wani ɓangare na "ƙarancin" da aka yi ta faɗa ƙarancin masu gane cutar ne. Abin da ba a nema ba, da wuya a gan shi.

Bambancin da ya fi damun majinyaci shi ne na tsanani. A 2009 Tuulikki Sokka ta ƙasar Finlan da tawagarta suka kwatanta dubban majinyata a ƙasashe 25, suka tarar cutar ta fi zafi a ƙasashe masu ƙaramin arziki. Sirrin, galibi, lokaci ne. A Ingila ƙa'ida ta ce likitan unguwa ya tura wanda ake zargi wurin ƙwararre cikin kwanakin aiki uku, a kuma yi ƙoƙarin fara magani cikin wata uku da bayyanar alamu, domin ƙashin da ya zaizaye ba ya dawowa.

Hanyar da majinyaci ke bi a nan kowa ya san ta. Kemis tukuna, a haɗa masa diklofenak da firednisolon ko deksametazon, ya ji garau cikin kwana biyu. Wannan sauƙin shi ne tarkon. Ƙwayoyin suna kwantar da zogi, cutar na ci gaba da aikinta a ƙarƙashi, su kuma in an daɗe a kansu su jawo gyambon ciki, ciwon ƙoda, hawan jini, ciwon suga da raunin ƙashi. Daga nan sai mai tallar jiƙe-jiƙe da lasifika a tasha, sai ƙaho, sai a fara zancen sammu, musamman in mai ciwon mace ce mai kishiya. Kafin a isa manyan asibitocin Abuja ko Gwagwalada, ko Shika, ko Kano, inda ake sa ran samun 'yan ƙalilan ɗin ƙwararrun da ƙasar ke da su, shekaru sun shuɗe.

Abin takaicin shi ne ginshiƙin maganin ba na masu kuɗi kaɗai ba ne. Metotirezet, wanda duniya ke farawa da shi, tsohon magani ne mai sauƙin kuɗi. Akan haɗa shi da haidiroksikulorokwin ko salfasalazin. Inda talaka ya tsaya shi ne a kan allurai na zamani da aka fara amincewa da su a Amurka a 1998. Suna da tsadar gaske, daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 komai na waje ya haura. Suna buƙatar firji mai wuta ba yankewa, abin da mazaunin Kwamba ko Maje zai yi murmushi in ya ji. Sannan suna iya tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki, don haka a ƙasa irin tamu dole a yi gwaji tukuna.

Ma'aikacin tarayya yana da abin da 'yar kasuwar IBB ba ta da shi: inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta mayar ƙarƙashin hukumar NHIA, ta kuma haɗa da abokin aure da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Sai dai ganin ƙwararre na buƙatar takardar turawa daga asibitin da mutum ya yi rajista, da amincewar kamfanin inshora, kuma a nan ne makonni ke salwanta in ba a bi sawu ba. Wanda yatsunsa suka kumbura hannu biyu, suna sanƙarewa da safe har mako shida, ya nemi wannan takarda da bakinsa, kada ya karɓi wani zagayen maganin zogi ya tafi. Ya kuma sani gwajin jini na iya fitowa babu komai alhali cutar na nan.

Wanda aka ɗora a kan metotirezet kuma ya kiyaye: sau ɗaya ake sha a mako, ba kullum ba, domin shan sa kullum na iya kisa. Ana haɗa shi da folik asid, ana duba hanta da jini lokaci zuwa lokaci, kuma mai ciki ko mai neman haihuwa ba ta shan sa.