WAKE MAI MAGANIN TSUTSA: ABIN DA YA KAMATA KA SANI

Manomi, ka ji ana gardama a kan waken SAMPEA 20-T. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ce ta fitar da shi a 2019. An ɗauko ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa aka sa masa, don tsutsar da ke cin fure da kwanson wake ta mutu in ta ci. Saboda haka feshi biyu ya isa, maimakon shida zuwa takwas. Amma fa ba ya hana ƙwarin rumbu.

Hukumar da gwamnati ta kafa a 2015 don kula da irin wannan iri ta amince da shi. Wasu kuwa ba su yarda ba, suna cewa a rubuta a jikin kaya kowa ya zaɓa da kansa. To, buhu yana ɗaukar rubutu, mudu fa? Nan aikinka ne. Ka sayi iri mai shaida a jikin leda, kada ka haɗa shi da waken gargajiya a rumbu, kuma ka gaya wa mai saye gaskiya. In kana shakka, tambayi malamin gona.