Ku Duba Harshenku

Yau za mu yi magana a kan harshe. A Hausa, kalmar nan tana nufin yaren da muke yi a gida, tana kuma nufin gaɓar da take cikin bakinmu. Gaɓar nan muke so mu duba, gama sau da yawa ita ce take fara nuna cewa jiki ba lafiya.

Yadda harshe yake

Harshe ba shi da ƙashi. Tsoka ce iri takwas. Huɗu suna cikinsa, su ne suke sa ya miƙe, ya naɗe, ko ya yi faɗi. Huɗu kuma sun riƙe shi daga waje, suna jansa gaba da baya, sama da ƙasa. Mai jin Bura ko Margi ya gwada sautin nan da ake rubutawa "tl". Zai ji bakin harshe ya manne a bayan haƙora, iska tana fita ta gefe. Baƙo yakan sha wuya da wannan sauti, amma harshensa iri ɗaya ne da naku. Bai saba ba ne tun yana yaro.

A bisa harshe akwai dubban ƙananan wuraren ɗanɗano. Suna jin abu biyar: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da garɗin nan na nama ko daddawa. Ƙwayoyinsu suna sabuntawa wajen kowane mako biyu, shi ya sa ƙunar kunu mai zafi ba ta daɗewa.

Abin da harshe yake nunawa

Lafiyayyen harshe ja-ja ne, da danshi. In ya bushe, jiki ya rasa ruwa. A watan Satumba na 2024, dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya shiga Gwange, Kasuwar Monday da wani sashen GRA a Maiduguri. A watan Oktoba aka ba da sanarwar ɓarkewar kwalara. A irin wannan lokaci, yaro mai zawo da busasshen harshe yana cikin hatsari. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a kai shi asibiti.

In harshe ya koɗe, ko ya yi sumul yana zafi, mai yiwuwa ƙarancin jini ne. Mata masu ciki su lura da wannan. In kuwa wani farin abu kamar nono ya rufe harshen jariri, ba ya goguwa, wannan cuta ce mai magani. Kada a kankare shi. Babba kuma, in farin nan yana yawan dawo masa, ya je a auna shi don ciwon sukari da cuta mai karya garkuwar jiki. In magana ta sarƙe farat ɗaya, harshe ya karkace gefe guda, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Kada a kwana a gida.

Kurakurai biyu

Na fari, yankan linzami. Wasu jarirai ana haifuwarsu da gajeren zaren ƙarƙashin harshe, har shan mama ya yi musu wuya. Likita ne zai duba wannan. Akwai manyan jijiyoyin jini a wurin, askar da ba a dafa ba kuwa tana iya kawo cutar sarƙewar haƙora. Yaron da ya makara da magana, a fara auna kunnensa. Ku tuna da mutumin da aka kawo wa Yesu a Markus sura 7. Maganarsa ba ta fita sosai, kurma ne kuma.

Na biyu, sa cokali a bakin mai farfaɗiya. Ba wanda yake iya haɗiye harshensa. Cokalin yakan karya haƙori ne kawai. Ku kawar da abin da zai ji masa ciwo, ku kwantar da shi ta gefe.

Gyambon da ya ƙi warkewa

'Yan'uwa, ku riƙe wannan sosai. Ƙurjin baki yakan warke cikin mako ɗaya ko biyu. Gyambo ko kumburi a gefen harshe da ya wuce mako uku, ko da ba ya zafi, yana iya zama ciwon daji. Taba, ta sha ko ta baki, da yawan giya suna ƙara hatsarin. In an gano shi da wuri, akwai begen warkewa ƙwarai. Akwai likitocin baki da haƙori a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, a hanyar Bama.

Saboda haka, gobe da safe in kuna asawaki, ku ɗauki madubi. Ku duba saman harshe, da gefensa, da ƙarƙashinsa. Ku duba na yara da na tsofaffi kuma. Allah ya ba mu lafiya. Sai mun sake saduwa.