Tafkin Tace Ruwan Ƙazanta: Darasin Buobai Ga Garuruwan Kan Iyaka

Duk ɗan kasuwar da ya saba kawo albasa ko shanu Kumasi ya san rafin Aboabo. Ta tsakiyar zango ya ratsa, kuma ruwan wanka da na wanke-wanke da na kwatoci duk cikinsa suke zuba. Daga nan ya haɗu da rafin Sisa, ya gangara kogin Oda. A can ƙasa, da rani, manoman lambu da irin wannan ruwa suke shayar da latas da kabeji, su kuma dawo mana da su kasuwa.

Ƙaramar hukumar Asokore Mampong, wadda aka cire daga Kumasi a shekarar 2012, ba baƙuwa ba ce a wannan magana. A ƙauyen Buobai da ke cikinta, a farkon shekarun 2000, an haƙa tafkuna inda motocin kwasar bayan gida suke juye kayansu.

To yaya abin yake aiki? Ba inji, ba lantarki. Tafkin farko mai zurfi ne, wajen mita 3 zuwa 4. A nan dauɗa mai nauyi take kwantawa ta ruɓe. Ruwan sama-sama sai ya malala zuwa na biyu, mai faɗi marar zurfi, inda gansakuka take fitar da iskar da ƙananan halittu ke buƙata don su cinye ragowar dauɗa. Na ƙarshe bai wuce mita 1 da 'yan kai ba, don hasken rana ya ratsa shi ya kashe ƙwayoyin cuta. Ƙwan tsutsar ciki kuwa nutsewa yake yi ƙasa. Bayan 'yan makonni ruwan da ya fita ya isa ban-ruwan gona, amma fa ba na sha ba ne.

A Buobai ɗin ne kuma, a 2002, masana na cibiyar IWMI da hukumar birnin Kumasi suka gwada shanya lakar bayan gida, su haɗa ta da sharar kasuwa. Zafin ruɓewa yana kashe ƙwan tsutsa, cikin wata uku a samu taki.

Sai dai tafkunan ba su daɗe ba. Laka ta cika su, ba a yashe ba, mutanen ƙauye suka koka, aka rufe wurin. Daga 2004 motocin suka koma Dompoase. A ganina laifin ba na dabarar ba ne. Mu dai mun iya bikin buɗe aiki. Kuɗin yasa ne ba mai son ya ware.

Me ya shafi mutumin Bawku ko Paga? Wannan dabara ta fi dacewa da arewa a kan Kumasi. Rana ta fi zafi, fili ya fi samuwa, ruwa kuma ya fi tsada. A kewayen Tamale an daɗe da sanin manoma suna roƙon direbobi su juye musu ɗanyen bayan gida a gona da rani. Ashe buƙatar tana nan, tacewar ce babu. A Kumasi ma an kiwata tarwaɗa a tafkunan ƙarshe na unguwannin Ahinsan da Chirapatre, don kuɗin kifi ya riƙe aikin.

Shugabannin kasuwa da ke son gwadawa su nemi fili nesa da gidaje da rijiyoyi, a dandaɓe ƙasan tafki da yumɓu don kada ya yoya, a kewaye shi saboda yara da dabbobi, a riƙa nome ciyawar baki saboda sauro. Tafkin farko kuma a haƙa biyu, domin in ana yashe ɗaya, ɗayan na aiki. Kafin a sa diga a ƙasa, a zauna da sarkin gari da masu fili, a rubuta nawa za a riƙa cirewa daga kuɗin shiga bayan gida na kasuwa, da sunan wanda zai riƙe asusun.