Aiki Da Karatu: Zaɓin Da Ke Gaban Nas-Nas A Amurka

A ƙasar Amurka akwai wani matsayi na aikin jiyya wanda ya ɗara na sauran nas-nas, watau nas mai ikon duba majinyaci, ta gano cutarsa, kana ta rubuta masa magani. An soma koyar da wannan fanni ne a Jami'ar Kolarado cikin 1965, inda wata nas, Loretta Ford, da wani likitan yara, Henry Silver, suka assasa shi saboda ƙarancin likitoci a karkara. Ya zuwa 2023, jihohi 27 sun yarje wa irin waɗannan nas-nas su yi aiki ba tare da likita ya tsaya a kansu ba.

'Yan Nijeriya da dama da ke aikin jiyya a can suna neman wannan matsayi. To, amma karatun na digiri na biyu ne, kuma galibi sai mutum yana aiki zai iya ɗaukar nauyin kansa. Taura biyu kuwa ba ta taunuwa sai da dabara. Dabarar ita ce a zaɓi aikin da zai bauta wa karatun, ko da albashinsa bai kai na wani ba.

Da farko akwai batun lokaci. Ban da darussa, wajibi ne ɗaliba ta yi aƙalla awa 500 tana duba marasa lafiya a ƙarƙashin wani gwani, kuma ƙa'idojin da aka fitar a 2022 sun nemi a kai awa 750. Ba a biyanta ko anini, ba a kuma lissafa mata awoyin aikinta na albashi a ciki. Da yake yawancin ɗakunan shan magani da rana suke buɗewa, Litinin zuwa Jumma'a, aikin da ya cinye waɗannan ranaku zai ci karo da horon. Aikin asibiti na awa 12, kwana 3 a mako, shi ke barin sarari.

Na biyu, a dubi sashen da za a zauna. Mai son ƙwarewa kan jarirai sabbin haihuwa, makarantu kan nemi ta yi kamar shekara 2 a ɗakin jarirai masu tsananin ciwo. Mai son kula da iyali kuwa, sashen da ake ganin yara da manya da tsofaffi ya fi mata amfani.

Na uku, asibitoci da yawa kan taimaka da kuɗin makaranta, kuma a 2025 dokar ƙasar ta yafe haraji kan dala 5,250 a shekara. Sai dai sau da yawa akan gindaya sharaɗin zama na wasu shekaru, wadda ta tashi kafin nan ta mayar da kuɗin. Saboda haka a karanta takarda da kyau kafin a sa hannu.

Har ila yau, wasu makarantu kan bar ɗaliba ta nemo gwanin da zai horar da ita da kanta. Rashinsa kan jinkirta kammala karatu da watanni, alhali kuwa wadda ke aiki a asibitin koyarwa kullum tana tare da su.