Jakunkunan da ƙwayar maleriya ke aiki da su, da haɗarin rabin magani

Da zarar gero ya fara fid da kai a gonakin Sule Tankarkar da Gagarawa, zazzaɓin cizon sauro ma ya kankama. Wasu kan nufi Babban Asibitin Gumel, amma da yawa kemis suke tsayawa, ko wajen mai tallan magani ranar Alhamis in an je cin kasuwar Maigatari, su ce "a haɗa mini na zazzaɓi". A irin wannan haɗin ne wani lokaci kulorokwin ke faɗowa, alhali tun 2005 Najeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko na maleriya.

Dalilin yana can cikin jini. Ƙwayar cutar, Plasmodium falciparum, in ta kutsa cikin jar ƙwayar jini sai ta lulluɓe kanta da tantani. A cikin jikinta kuma akwai wata jaka ta musamman inda take narka himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska zuwa sassan jiki. Narkawar na barin guba, sai ƙwayar cutar ta dunƙule gubar ta zama baƙin gari marar lahani. Aikin kulorokwin shi ne ya taru a jakar ya hana dunƙulewar, gubar ta hallaka mai ita. To, ƙwayoyin cutar da suka gagari maganin sun sami canji a wani furotin da ke jikin tantanin jakar, wanda ke kwashe maganin yana zubarwa waje, kamar mai kwarfe ruwa daga ɗaki. Ƙara yawan maganin da kai ba mafita ba ne. Hasali ma kulorokwin in ya yi yawa zuciya yake taɓawa, musamman ta yara.

Abin mamakin bai tsaya nan ba. A 2013 masu bincike a Ostireliya da kuma Jami'ar Harvard ta Amurka sun nuna cewa jajayen ƙwayoyin da cutar ta kama suna tsinko 'yan mitsi-mitsin jakunkuna daga jikinsu, su saki cikin jini ɗauke da saƙo zuwa ga 'yan'uwansu. A gwajin ɗakin bincike, saƙon ya sa ƙarin ƙwayoyin cutar rikiɗa zuwa siffar da sauro ke zuƙa ya kai wa wani. Jakunkunan kuma na tunzura garkuwar jiki. Wato wanda zazzaɓinsa ya sauka alhali da sauran cuta a jininsa na iya zama mashayar sauron da zai ciji maƙwabcinsa.

Shi ya sa ake nacin a fara da gwajin jinin yatsa, wanda bai wuce minti 20 ba, domin ba kowane zafin jiki ne maleriya ba. In ya nuna akwai, maganin haɗin atimisinin irin su Coartem sau 6 ake sha cikin kwana 3, da abinci mai maiƙo ko fura da nono don ya shiga jiki sosai. Ɗabi'ar nan ta ajiye ragowar katin maganin don wani yaron, da zarar na farko ya tashi wasa, ita ce mafi muni.

Yara 'yan wata 3 zuwa 59 kuwa, akwai maganin rigakafin damina da ake bi gida-gida ana rabawa kowane wata. Ma'aikaci kan ba da na ranar farko a gabansa; na kwana biyun da suka rage a hannun uwa yake.