Yadda za a liƙa sassan ƙananan jiragen katako da aka yi wa fenti

Daga cikin iyalan da ke zaune a Alibandeng akwai masu sassaƙa ƙananan kwalekwale da jiragen ruwa na ado da guntayen katakon okume da kafintoci ke zubarwa, suna kai wa masu sayar da kayan hannu a cikin gari. Kukan da muke yawan ji ɗaya ne: jirgi ya yi kyau, amma kafin ya isa hannun mai saye, sandar tsakiya ko ɗakin matuƙi ya ɓalle. Mai shago kuwa in an mayar masa da kaya sau biyu, ba ya sake karɓa. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi bayani.

Yawanci laifin ba na gam ba ne. In aka shafa gam a kan fenti, fentin ya kama, bai taɓa katakon ba. Fenti kuma siririyar fata ce kawai. Ku duba wurin da ya ɓalle, za ku ga fentin ya biyo gam ɗin, katakon yana nan tsirara.

Maganin shi ne katako ya haɗu da katako. Kafin fenti, a rufe wurin haɗin da ɗan salatif, a cire bayan ya bushe. In an riga an yi fentin, a ɗora sashen a mazauninsa, a zagaye shi da bakin allura, sannan a kankare cikin da'irar da reza ko sanfefa har katako ya fito. Kada a wuce layin, don kada kankarar ta bayyana. A kankare ɗaya ɓangaren ma, a share ƙurar da busasshen tsumma.

Gam iri uku ake samu a shagunan kayan gini. Farin gam na kafintoci, wanda ake tambaya da sunan “colle à bois”, shi ya fi dacewa da okume, domin katakon mai laushi ne, yana shan gam. Sai dai yana ƙarfi ne in ruwan cikinsa ya fita, Libreville kuwa ba Maradi ba ce. Ruwan saman da ake yi a nan ya kusa mita 3 a shekara, iska kullum a jiƙe. Abin da zai bushe cikin 'yan sa'o'i da hunturu a gida, a nan a ba shi awa 24 cur, a ɗaure da zaren roba ko a matse da abin shanya. Daga Yuni zuwa Satumba, da ruwa ke ɗaukewa, aikin ya fi sauri.

Sufa-gulu akasin haka yake: laima ce ke sa shi daskarewa, don haka a nan yana kamawa nan take, ba ya jira a gyara zama. Tururinsa yana barin farin dusashe a kan fenti, musamman baƙi da shuɗi, kuma haɗinsa na karyewa in jirgi ya faɗi. A ganinmu a bar shi ga ƙananan abubuwa kamar anga da kullin zare, a ɗiga shi da bakin tsinke, ba daga kwalba ba. Na uku shi ne mai bututu biyu da ake cakuɗawa daidai wa daida, irin su Araldite, don haɗa ƙarfe da katako.

Duk abin da ke tsaye, gam kaɗai ba ya riƙe shi. A huda rami da allura ko siririyar ƙusa a ɓangarorin biyu, a sa guntun waya ko tsinken sakace, sannan a liƙa. Wannan ɗan turken shi ke ɗaukar jijjigar tasi. Fentin mai kuma, ko ya daina kama yatsa, cikinsa ɗanye ne. A ba shi kwanaki kafin a matse shi da roba, in ba haka ba zai yi shaida.

Iyaye, ga namu roƙon. Yara na taya aikin, to a bar musu farin gam kaɗai. Sufa-gulu da reza na manya ne. In ya manne yatsu, kada a fizge. A jiƙa a ruwan ɗumi da sabulu, a riƙa murzawa a hankali. In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa, kada a buɗe fatar idon da ƙarfi, a tafi asibiti nan da nan. Kada a goge shi da auduga, domin in ya zuba a kanta da yawa yana zafi har ya ƙona fata. Sholisho na faci kuwa ba na wannan aiki ba ne, kuma kun san abin da shaƙarsa ke yi wa yara. Wanda ya ga yaro na ɓoye gwangwaninsa, ya zo ya sanar da ma'aikatan kariya, za a saurare shi cikin sirri.